Shekara 21 Ina Tankaɗen Dariya

Ranar da na gaya wa Inna na samu aiki a magazin, sai ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce dama tun ina yaro ta lura hannuna na ƙarfe ne. Ban gane inda ta dosa ba sai da na ji ta aiki ƙanwata ta nemo mini tsofaffin riguna saboda baƙin mai. Duk wanda ya tashi a Kumashi ya riga ya gane abin da ya faru. A garin nan in ka ce Magazin, to Suwame kake nufi, unguwar makanikai da masu walda, wadda ta gaji sunanta daga tsohon ma'ajin makaman soja. Na ce, "Inna, ba wannan ba. Ta takarda ce, mujalla, a Ankara." Ankararmu ta bakin teku fa, ba ta Turkiyya ba. Ta ce me zan yi musu a can? Na ce zane, wanda zai ba mutane dariya. Ta yi shiru tana kallona, can ta ce, "Su kuma biya ka? Ai Kawunka kyauta yake yi."

A 1993 ke nan.

An haife ni a unguwar Aboabo ta Kumashi a 1965, a gidan fataken goro. Baba yana shiga ƙauyukan Tonawa, wato Ashanti, ya sayo goro, a zube shi a tsakar gida a tsince, a ɗaure huhu, a loda wa motar Legas. Kakana na wajen uba Bakano ne, matarsa kuwa Bazazzagiya, saboda haka kafin in iya alif na iya zambo. Da asuba in ya dawo daga masallaci zai tsaya a ƙofar ɗakinta ya tambaya ko mutanen Zazzau sun tashi ko har yanzu suna nazarin yadda ake tashi. Ita kuma daga ciki ta ce a duba takalman masallaci, Bakano ya fito. Baƙo in ya ji sai ya ce yau auren nan ba zai kai la'asar ba. Sun yi shekara fiye da 50 tare.

Zango kuwa duk haka yake. Bafillace da Babarbare kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Bagobiri ba ya ganin Bayarabe ya ƙyale. An ba ni labarin wani tsoho Bagobiri maƙwabcinmu da ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu, Yarbawan layinmu suka kwashe suka tafi. Wai an raba shi da abokan zaginsa. Dagaba da Farafara, ƙabilun arewacin Gana, nasu wasan a kan kare yake, kuma ba ya ƙarewa ko a gidan makoki. In watan cika-ciki ya kama, taubasai su bi juna gida-gida suna neman kuɗin shara, da ba'a da tonon asiri. A cikin wannan ruwa na yi wanka, kuma na ɗauka haka duniya take ko'ina: ka faɗa wa mutum baƙar magana, ya yi dariya, ya rama, ku ci tuwo a kwano ɗaya.

Zanena na farko a bayan allo na yi shi, da tawadar makaranta. Malam ne yana gyangyaɗi, dorina na zamewa daga hannunsa. Na sha dorinar nan har sau bakwai, don ta nuna mini ba ta zame ba. Amma bai sa an wanke allon nan take ba. Sai da ya kai wa abokinsa ladan, na hango su ta taga kafaɗunsu na rawa.

Shekarar 1983 ce ta nuna mini cewa ba sai ciki ya cika ake dariya ba. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonakin koko da abinci, ga 'yan Gana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo da buhunansu. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito fili, sai aka sa musu suna sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Mace za ta dubi 'yar'uwarta a layin sayen kenke, dokunun masara, ta ce, "Ke, taki sarƙar ta fi tawa kauri, a ina kika saya?" Su kwashe da dariya, su koma su ci gaba da jira. Ba wanda ya isa ya rubuta wannan a jarida a lokacin. A baki take yawo.

Bayan nan Baba ya kai ni wajen wani mai rubutun allo kusa da kasuwar Kejetiya, wanda muke kira Masta. Muna rubuta karin magana a goshin motoci, muna zana kawuna a allon masu aski da fentin mai a kan falange. A wurinsa na koyi kama fuska. Yakan ce kada in ɓata lokaci a kan ido biyu da hanci ɗaya, kowa na da su. In nemi abin da uwar mutum za ta gane shi da shi cikin duhu, in ƙara masa kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ita ce sana'ar gaba ɗaya. In ka ƙara ƙasa da ita hoto ka yi, in ka zarce ka yi dodo.

Da aka yi tsarin mulkin 1992 aka soke dokar lasisin jaridu ta 1989, sai jaridu da mujallu masu zaman kansu suka tsiro kamar ciyawar damina. Wani abokin Masta ya ga zanen da nake yi a bayan kwalin sigari, ya ce wata mujalla a Ankara na neman mai hannu. Na sauka a Nima, ɗaki ɗaya mu uku, kullum da safe in taka zuwa wajen New Town inda maɗaba'u suke jere, ƙarar injin ba ta tsayawa. Yawancin waɗanda na tarar a harkar sun fito ne daga kwalejin zane ta Ghanatta, wadda tsohon mai zanen barkwancin jaridun zamanin Nkrumah ya kafa a 1969, ko daga sashen zane na jami'ar Kumashi. Ni kaɗai ne ɗan makarantar allo. Shekara uku ina zane, a 1996 wanda ke riƙe da shafin ya tafi Ingila, maigidan ya ce in zauna a kujerarsa kafin a samu wani. Ba a samu wanin ba har aka rufe mujallar.

Mutane suna ɗauka editan zanen barkwanci yini yake yi yana ƙyaƙyata dariya. Wallahi na fi likita ɗaure fuska. Ranar Talata masu zane suke zuwa, kowa da ambulan ɗinsa, su zauna a benci a baranda kamar masu jiran allura. In shimfiɗa takardun a tebur, wani mako su kai 60, gurbin da nake da shi kuwa biyar ne. Saboda haka aikina na gaskiya shi ne cewa a'a, sau 55 a mako, ga mutanen da na san wasunsu da kuɗin zanen nan za su biya haya. Kuma ba na yarda in yi dariya a gaban mai zane, don in na yi ya ɗauka an saya. Dariyata ma ba ma'auni ba ce. Wanda ya ga zanen ɗan sanda mai karɓar na-goro sau dubu, na dubu da ɗaya ba zai motsa shi ba ko da ya fi duka kyau. Sai na koma gwadawa a kan wasu: mai shara, direban da ke kai mujallu shataletalen Sakul da asuba, da Hajiya mai wake da shinkafa a bakin layi. In na miƙa mata takarda ta duba ta ce, "Uhm, ya yi kyau," to ya mutu. In ta tsaya da ludayi a hannu ta kira 'yarta ta zo ta gani, ya shiga.

Daga baya na karanta labarin Bob Mankoff, wanda ya riƙe irin kujerata a mujallar The New Yorker ta Amurka daga 1997 zuwa 2017. Shi zane wajen 1,000 ke zuwa masa a mako, waɗanda ake bugawa ba su kai 20 ba. Ya fara karatun ilimin halayyar ɗan'adam ya bari ya koma zane, ya sha ƙi shekaru kafin mujallar ta sayi zanensa na farko a 1977. Na ji sanyi a raina. Ashe ko a birnin da kuɗi ke magana, mai wannan aiki ba shi da masoya ranar Talata.

Bari in nuna muku yadda ake tankaɗen da zane ɗaya. A 2015 ne matsalar wuta ta kai inda ta kai, har kalmar dumsor ta zagaye duniya. Da Tonanci dum shi ne kashewa, sor kuma kunnawa. Wani yaro mai hannu sosai ya kawo mini zane da ya kwana biyu yana yi. Ga tela ya rafka tagumi a gaban keken lantarki, ga mai sayar da kifin sanyi yana toshe hanci, ga janareto na hayaƙi, ga ɗan siyasa da ƙaton ciki an rubuta "alkawari" a kan cikin, a ƙasa kuma jimla uku na bayani. A can kusurwa, ƙarami ƙwarai, ya zana uba da ɗansa a zaune, yaron na tambaya.

Na ce masa, "Ɗana, wa'azi ka kawo mini ko zane?" Na ɗauki takarda na rufe komai sai kusurwar nan. Na ce ya sake, uban da ɗan kawai. Ya sake. Na ce har yanzu akwai haske da yawa, ina suka samu wutar da muke ganinsu da ita? Ya dube ni kamar zai yi kuka. Na ɗauki burushi na tsoma a baƙar tawada na shafe akwatin gaba ɗaya, na ɗiga farin Tipp-Ex sau huɗu: idanu manya biyu, ƙanana biyu. A ƙasa muka sa, "Baba, na san dum. Mene ne sor?"

Da farko shi ya rubuta, "Mene ne sor, Baba? Ni dum kawai na sani." Ma'ana ɗaya ce, amma ba ta harbi. Kalmar da ke ɗauke da kibiya ita ce ke zuwa ƙarshe, bayanta kuma kada a ji ko tari. Yaron ya ce, "To Oga, ina zanena? Wannan ai tawada ce." Na ce tawadar taka ce, tambayar ma taka ce, kuma zan biya ka cikakke. Hajiya mai wake ta ajiye ludayi a ranar.

Abin da ya faru a kan mai karatu shi ne, ya ga baƙin akwati ya ɗauka injin ya yi kuskure. Ya ga idanu, ya ce a'a, duhu ne. Ya karanta, sai ya cike sauran da kansa: yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa ganin an kawo wuta ba. Ba mu muka faɗa ba, shi ya gano, kuma wannan ganowar ita ce dariyar. In ka yi masa bayani ka ƙwace masa rabonsa. Mai barkwanci rami yake haƙawa, amma dole mai sauraro ya taka da ƙafarsa, kuma ramin ya zama daidai tsallensa. In ya yi faɗi ya ce bai gane ba, in ya yi ƙanƙanta ya ce wannan ai yara ma sun sani.

Masana sun daɗe suna juya wannan magana. Kant na Jamus ya ce dariya tana zuwa ne in zaton da ka ɗaure tamau ya warware ya zama ba komai. Freud a 1905 ya ce hanya ce da abin da aka danne a zuci yake samun fita, ni kuwa da na karanta sai na tuna matan layin kenke. Amma misalin da ya fi zauna mini tun a makarantar dare na ji shi. Wani mutum ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin hawa. Ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa? Sai ya ce masa, akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? Ka ga an kai tunanin mutum gabas, sai ga gaskiya ta fito ta yamma, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, ba kuma wanda aka muzanta. Da wannan hadisi nake amsa wa 'yan'uwa da ke tare ni a masallacin Nima suna cewa aikina wasa ne. Maganar zana mai rai kuwa, malamai sun saɓa, na bi waɗanda suka sassauta, ban kuma taɓa cewa wanda ya tsananta bai da hujja ba.

Akwai wani Bature kuma, Hobbes na Ingila, da ya ce dariya jin fifiko ne da ke taso wa mutum farat ɗaya in ya ga kasawar wani. Na daɗe ina ƙin maganarsa, don ta yi mini muni. Kawu ne ya sa na yarda da ita, shi da bai taɓa jin sunan mutumin ba.

Kawu ƙanen Inna ne. Gadi yake yi a wani kamfanin yanka katako a Kumashi, ya fi shekara 20 a ƙofa ɗaya. Kayan aikinsa tocila, gora, kwari da baka da bai taɓa harbawa ba, butar shayi, carbi, da rediyon da ke kama Landan da Kolon. Duk Aboabo ba wanda ya kai shi ban dariya. In ya zauna a bakin masallaci bayan la'asar yana kwaikwayon yadda manaja ke tafiya, tsofaffi har hawaye suke yi. Labaran masu gadi kuwa a bakinsa na fara jin su, har da na wanda ɓarayi suka ɗauke shi da bencinsa yana barci.

A farkon 1997 wani mai zane, ba ɗan zango ba, ya kawo mini wannan labari a takarda: ɓarayi huɗu sun ɗauko benci a ka, maigadi na kwance a kai da rawani da gemu da kwari da baka, yana minshari. Ofis ya ɗauka da dariya. Wata ma'aikaciya ta ɗan yi jim ta ce ba za a ce mun taɓa mutanen arewa ba? Ni na buga ƙirji na ce ai ni ne mutanen, kawuna ma maigadi ne, labarin a bakinsa na ji. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki alƙalami na ƙara magana a bakin maigadin, yana cewa "Masta, komai lafiya lau" cikin barci, na rubuta ta da gurɓataccen Turanci irin wanda ake kwaikwayon Bahaushe da shi, ana musanya fa da pa. Mujallar ta ƙare a kasuwa a makon nan. Maigidan ya ƙara mini albashi.

Da Sallar layya na hau mota na tafi gida. Na tarar da Kawu a zaure ya shimfiɗa fatar rago yana barbaɗa mata gishiri. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Nima. Sai ya sa hannu a aljihun taguwarsa ya ciro takarda a ninke, gefenta duk alamar gam. Shafina ne.

Ya ce, "Wannan aikinka ne?"

Na ce, "Wani ne ya zana, Kawu, ni na dai sa aka buga."

Ya ce, "Hannunsa na da kyau. Dubi yadda ya yi gemun." Ya ci gaba da shafa gishiri. "A ƙofar ɗakin gadina na same shi. Yaran ofis suka liƙa. Na cire, suka sayo wani suka liƙa. Yanzu in na buɗe musu ƙofa da safe ba sa cewa ina kwana, sai su ce Masta komai lafiya lau, da irin muryar nan. Har ɗan manaja, wanda na ɗauka a kafaɗa yana jariri."

Na ce, "Kawu, ai a bakinka na ji labarin. Kai ma kana ba da shi."

Ya ɗago ya dube ni. "Ina ba da shi. Ga wa? Ga masu gadi 'yan'uwana, da mu duka mun san abin da sanyin ƙarfe uku na dare yake yi wa ƙashi. Taubashina in ya zage ni da safe, in na mutu da yamma shi zai riga kowa kama makarata. Yaran nan za su kama?"

Ban ce komai ba. Bai kuma ƙara ba. Ya ce in riƙe masa ƙafar fatar ya ja.

A motar komawa na yi ta juya abin. Ba wai zanen ba shi da ban dariya ba, yana da shi, shi ya sa ma ya yi ɓarna. Kuskurena shi ne na ɗauka izinin da nake da shi a zauren Aboabo zai bi takarda duk inda ta je. Ba ya bi. Wasan taubasai yana da bango: an san juna, ana iya ramawa, kuma akwai haƙƙin da ke biye da zagin. Injin buga takarda yana ɗaukar zagin ya bar bangon a baya, ya miƙa shi ga wanda bai taɓa shan ruwa a gidanku ba. Shekaru bayan haka na ga wani malamin jami'ar Kolorado, Peter McGraw, shi da abokin aikinsa sun fito da bayani a 2010 cewa abu yana ba da dariya ne in ya keta wata ƙa'ida amma kuma aka ji ba cutarwa a ciki. Na ce haka ne, sai dai tambayar da ta rage ita ce wa ke jin ba cutarwar. Yaran ofis ba su ji ba. Tun daga lokacin, duk zanen da ya zo teburina, bayan na gama duba ko yana harbi, sai in tambayi kaina a ƙofar wa za a liƙa shi, kuma wa zai liƙa. Na ƙi zane masu kyau da yawa saboda wannan, na kayayo masu dako a kasuwa, na makafi, na masu tallan kilishi. Wasu masu zanen suka ce na zama liman. Wataƙila wani lokacin na wuce gona da iri, ban musa ba.

Shekara guda da 'yan watanni bayan Sallar nan Kawu ya aiko a kira ni a wayar wani shago. Na ɗauka rasuwa aka yi. Sai na ji ya ce, "Kana da takarda a kusa? Rubuta. Ɓarawo ya hau katangar sito da dare, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Maigadi na zaune ido biyu, yana shan shayi, bai ko tashi ba. Ya haska shi da tocila ya ce: Sannu da ƙoƙari, amma ka makara, Manaja ya riga ka tun da rana."

Ban taɓa ko wasali ba. Na sa wanda ya zana na farkon ya zana wannan, da gemun nan dai da rawanin nan, maigadin kuma ya yi magana da Turanci tsab.

Sai dai lokacin ba na wasa ba ne. Dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri tana nan daram, gadon zamanin Turawa. A 1998 aka tura editoci biyu, Kweku Baako da Haruna Atta, gidan yari na wata guda kan raina kotu, kowa a harkar ya shiga taitayinsa. Maigidanmu ya riƙe zanen Kawu makonni yana jinjinawa, ya ce in cire duk wata alama da za ta nuna wane sito ne. Na ce babu ko ɗaya. Aka buga. Cikin kwana goma takardun lauyoyi uku suka iso, daga manajoji uku na wurare uku da ba mu taɓa jin sunan biyu daga ciki ba, kowanne na cewa da shi muke. Maigidan ya rikice. Lauyanmu, wani tsoho mai sanyin magana, ya karanta su ya cire tabarau ya ce a aika wa kowannensu kwafin takardun sauran biyun, a roƙe su su daidaita a tsakaninsu su gaya mana wanda ya fi cancanta. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. A 2001, zamanin Kufuor, majalisa ta soke dokar, muka ɗan miƙe ƙafa.

Wannan zanen ma an liƙa shi a ɗakunan gadi, amma masu gadin ne suka liƙa da hannunsu, ta ciki. Na kai wa Kawu kuɗin zane ɗaya a ambulan. Ya ƙirga a gaban Inna, ya ce mata, "Yaya, kin ce kyauta nake yi." Ya sayi batir ɗin tocila katan guda da goro, ya raba a bakin masallaci.

Da rikicin zanen ɓatanci ga Manzon Allah na jaridar Denmak ya tashi a farkon 2006, wani abokin aiki ya ce mu sake bugawa don masu karatu su ga abin da ake faɗa a kai. Na ce in dai ina kan kujerar nan ba za a yi ba, kuma ba tsoro ba ne. Maigidan ya goyi bayana, maganar ba ta kai minti biyar ba.

Talla ta yi ta raguwa, takarda ta yi ta tsada, mutane suka koma waya. A 2017 aka rufe mujallar. A shekarar ne wani matashi, Bright Ackwerh, ya yi zane a kan haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba wanda ya sa ofishin jakadancin Sin ya koka, kuma a intanet ya bazu, bai bi ta teburin irina ba. Na dawo Kumashi, ina rubuta allunan shaguna kamar da, sai dai yanzu da kwamfuta. Yaran unguwa masu wasan barkwanci a TikTok sukan turo mini bidiyo ta WhatsApp su ce, "Baba, duba mana." In ce su yanke daƙiƙa goma na ƙarshe. Kusan kullum daƙiƙa goman nan ne matsalar. Wani lokaci su ji, wani lokaci kafin in amsa sun riga sun saka.

Kawu bai ga wannan zamani ba, ya rasu a 2004, bayan gajeriyar jinya. Ana cikin yi masa sutura sai ga taubashinsa ya iso daga Asawase, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ku gaya wa ɓarawon nan na san dabararsa. Shekara uku bai biya ni kuɗin shara ba, shi ne zai gudu." Hawaye na bin gemunsa. Mutane suka rasa yadda za su yi da fuskokinsu, har liman sai da ya sunkuyar da kai. Da aka fito da makara ya miƙa wa wani yaro sandarsa, ya kama gaban dama. An yi an yi ya saki a canje shi, bai saki ba sai da muka fita layin.